Awakin Gonar Gwaji

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gonar gwaji ta jami'a ya san ba zakara ne ke tashin mutane a wurin ba, awaki ne. Tun da abincinsu ya fara yankewa suke wage maƙogwaro da asuba kamar ana yanka su. To ran nan sai gari ya waye tsit. Masu shara da suka fara isa suka tarar da babbar ƙofar garke a wangale, ciki babu ko ɗan akuya, mai gadi kuma yana kan bencinsa ya lulluɓa da bargo yana ta sharar barci.

Kafin rana ta ɗaga kowa a jami'a ya riga ya san ɓarawon. Wannan baiwa ce ta mutanen wurin: abin da ɗan sanda zai yi wata yana nema, su kafin shayinsu ya huce sun gano shi. Wasu suka ce mai gadin ne. Wasu suka ce Ma'aji ne ya haɗa baki da mahauci. Wasu kuma suka rage murya suka ce a tambayi Dakta, matar da ke kula da binciken.

Awakin nan ba na kiwo ba ne. Shekara da shekaru ana haɗa irinsu, ana neman akuyar da ciwon huhu ba ya kayar da ita, kuma an ce an kusa. Sai kuɗin gwamnati ya shiga halinsa: yau a ce an sa hannu, gobe a ce ana dubawa, jibi a ce wanda ke dubawa an canza masa wurin aiki. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kwamitin bincike ya zauna ya yanke cewa ranar Asabar za a sayar da garken.

Malamin Daji ba ruwansa da duk wannan. Ya gama aikinsa na gandun daji, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun mafarauta da masu saran itace, ya dawo gida yana fama da gwiwarsa. Abin da ya fito da shi guda ne: mai gadin nan Auta ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya yi ta safa da marwa har ya samo masa aikin. Matar Auta ce ta zo masa da kuka, ta ce an kulle mijinta a ofishin tsaro, kuma in an tashi aiki yau za a miƙa shi ga 'yan sanda.

*

Shugaban masu tsaro, wanda kowa ke kira Kwamanda ko da yake bai taɓa riƙe abin da ya fi tocila ba, ya bar shi ya shiga.

Auta yana zaune a ƙasa, an cire masa ɗamara da takalmi. Da ya ga yayansa sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wallahi ban ji komai ba."

"Ai na san ba ka ji ba. Mai minshari ina zai ji tafiyar akuya?"

"Da rana ina dako a kasuwa, Yaya. Albashin nan ka san yadda yake zuwa. Na ce bari in ɗan jingina, shi ke nan."

Malamin Daji ya so ya zage shi, amma ya dubi ƙafafun ƙanin nasa duk sun faso, sai tausayi ya danne fushin. Ya tambaye shi yadda ake shiga garken. Auta ya ce babbar ƙofa ta dabbobi ce, sakatarta ta ciki take. Mutum ta ƙaramar ƙofa yake shiga, mai kwaɗo. Mabuɗi ɗaya yana wuyansa, ɗaya wurin Dakta, na ajiya kuma yana rataye a ofishin sashe, inda ko mai kawo wasiƙa zai iya miƙa hannu ya ɗauka.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Farfesa, shugaban bincike na jami'ar duka, dogon mutum mai furfura wanda idanunsa suka faɗa. Shi ne ya shugabanci zaman da aka yanke sayar da awakin. Yana ce wa Kwamanda, "Kada a yi gaggawar kai shi, a ɗan jinkirta." Amma a sanyaye ya faɗa, irin maganar da ake yi don kada a ce ba a yi ba.

Kwamanda ya ce, "Ranka ya daɗe, dukiyar gwamnati ce. In an tashi aiki zan kai shi."

*

A gonar, 'yan kallo sun tattake bakin babbar ƙofa kamar an ci kasuwa. Malamin Daji ya yi tsaki, ya zaga can gaba inda ƙafar mutane ba ta kai ba, ya tsuguna da ƙyar.

Abin da ya gani bai yi kama da sata ba. Akuyar da aka kora tana warwatsewa, wannan ta yi gabas, waccan ta yi yamma, a ga inda mai kora ya yi tsalle ya tare. Waɗannan kuwa a jere suka tafi, kai a gaba, kamar masu zuwa gaisuwa. Nan da can ga ɓurɓushin dusa a ƙasa. Wato wani ne ya wuce gaba da bokitin dusa, dabbobin da yunwa ta ishe su suka bi shi, suna tafe suna tattake sawunsa. Kuma sau biyu aka yi tafiyar, don sawun manya masu nauyi ya hau kan na farko.

Gefe guda ga sawun tayar ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ransa ya ɗan yi fari. Amma da ya duba sosai sai ya ga tururuwa sun riga sun shimfiɗa hanyarsu a kai, gefen sawun kuma ya zube. Wannan tun jiya da rana ne. Duk da haka ya aika aka kira masa mai motar.

Ashe motar mahauci ce. Ya zo yana share hannu da gefen riga.

"Baba, ni fa jiya Ma'aji ya kawo ni na ga kaya. Abin da zan saya ranar Asabar da takarda, a araha, me zai sa in hana kaina barci in sato shi? Kai ka gan su kuwa? Ƙashi ne da fata. Don dai mutunci na taya."

Ma'aji ma da aka same shi a ofis bai ɓoye komai ba. Mutum ne mai ɗan tumbi da baƙin takalmi mai sheƙi, wanda ya gaji da zama mugu a bakin kowa.

"Malam, kowa gani yake ni na ƙi jinin ilimi. Injin wuta na nan yana neman mai, in ya tsaya, abin da ke cikin firji na sassa da yawa ya lalace. Ka ce min wanne zan bari ya mutu? Ni ban saci akuya ba. Da ma a ce na iya, da na huta."

*

Sawun ya ɓace a kan kwalta, amma akuya ba ta iya tafiya ba ta bar shaida a bayanta ba. Malamin Daji ya bi kashinsu a gefen titi, yana ɗingishi, ya wuce ɗakunan karatu, ya wuce filin ƙwallo, har bayan jami'a inda wani babban gini yake tsaye babu rufi a rabinsa. Ɗakin gwaje-gwaje aka fara ginawa, kuɗin ya tsaya, ciyawa ta karɓi aikin.

Tun kafin ya shiga ya ji warinsu. Suna nan lafiya lau. Mata da ƙanana a ɗaki ɗaya, bunsuraye a wani can nesa, an tare ƙofofin da katakon magina, kowane ɗaki da bokitin ruwa.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Ya san in ya buɗe baki, ranar Asabar wuƙa ce makomarsu, kuma abin ya dame shi fiye da yadda ya zata. Amma ba akuya ce ta fito da shi daga gida ba. Ya juya ya je ya faɗa wa Kwamanda.

Kwamanda ya tafa hannu. "Ka ga! Ɓoye su ya yi, ƙura ta lafa ya fitar da su ɗaya-ɗaya. Wa ya san lungunan nan in ba mai gadi ba? Baba, ka taimake mu, Allah ya saka."

Malamin Daji ya ji kamar ya mari kansa. Ya zo kwance igiya, ya ƙara mata ƙulli.

*

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ɓarawo ba ya raba maza da mata. Wanda ya yi wannan ya san in suka cakuɗu dare ɗaya, ba a ƙara sanin wane ne uban wane, aikin shekaru ya tashi a banza. Don haka ya nufi wurin Dakta, kuma a ransa ya riga ya gama shari'a.

Ya same ta a ɗan ofishinta na gona, sanye da takalmin roba, tana haɗa igiyoyi za ta je ta dubo dabbobinta. Idanunta sun kumbura.

"'Yata, tsakaninki da Allah. Ƙanina yana kulle. In ke ce, ki faɗa."

Ta ajiye igiyoyin a hankali. "Baba, ni? Auta fa shi ke yanko musu ciyawa a bakin rafi ba wanda ya sa shi. In bar shi a kulle in zo nan in zauna? Jiya a asibiti na kwana da ɗana, ka je ka tambaya."

Kunya ta kama shi. Ya ce ta yi haƙuri, ita kuwa bakinta ya riga ya buɗe.

"Da na yi tunanin hakan ma, wallahi da na yi, amma da rana tsaka zan yi. Kowa yana tausaya min a baki. Shi kansa Farfesa, da hannunsa ya fara haɗa irin nan tun ina ɗaliba, shi ya koya min riƙon ɗan akuya. Tun da aka ba shi ofis mai sanyi ko hanyar nan bai ƙara bi ba. Ranar zaman ko kallona bai yi ba ya sa hannu. Ka dubi yadda muka koma, Baba. Ko maganin tsoma ƙafa ba mu da shi tun bara."

"Maganin me?"

"Na bakin ƙaramar ƙofa. Da, ba mai shiga garke sai ya tsoma takalmansa a ciki, don kada ya kai musu cuta. Yanzu ramin ya bushe, tsallakewa muke yi."

Ya yi mata sallama ya koma garken. A bakin ƙaramar ƙofa akwai ɗan ramin siminti, faɗinsa taku ɗaya, zurfinsa bai kai tafin hannu ba. Da safe ya gan shi bai kula ba. Ƙura da busasshen ganye sun kwanta a ciki. A tsakiyar ƙurar ga sawun takalmi biyu, gefe da gefe, masu sulɓin ƙasa irin na 'yan ofis, sun fuskanci ciki. Mai su ba wucewa ya yi ba. Tsayawa ya yi, ya haɗa ƙafa, ya ɗan murza dugadugansa.

Malamin Daji ya zauna a kan bencin Auta yana tunani. Baƙo zai tsallake ramin don kada ya yi tuntuɓe. Ma'aikacin yanzu zai tsallake don ya san ba komai a ciki. Wanda zai tsaya ya wanke ƙafa a busasshen rami, sai wanda ƙafarsa ta koyi abin tun da daɗewa, kuma ba ta zo ta ga an daina ba. Ya san amsar, kuma bai ji daɗinta ba ko kaɗan. Sai dai takalmi mai sulɓi ya yi yawa a jami'a, kuma ba a nuna babban mutum da yatsa a kan ƙura. Ya samo wani fallen kwano ya rufe rabin ramin inda sawun yake, ya rufe babbar ƙofa ta ciki.

*

Ana dab da tashi aiki ya roƙi Kwamanda ya tara masa mutane a gona, ya ce akwai abin da zai nuna a cikin garke. Aka zo da Auta ba takalmi. Dakta ta zo, Ma'aji ya zo yana duba agogo, mahauci ya zo don kada a yi ba shi. Farfesa ne ya iso a ƙarshe.

"Ku shigo ta nan," in ji Malamin Daji, yana tsaye a ciki. Kafin su iso ya riga ya janye kwanon ya jingine shi a bango, bayan ya nuna wa Kwamanda abin da ke ƙasa.

Dakta ta tsallake ramin ba ta ko duba ba. Auta ya tsallake. Mahauci ya tsallake. Ma'aji ya dubi ramin, ya tattare wandonsa, ya yi wani dogon taku kamar mai haye kwata. Farfesa yana tafe kansa a ƙasa, hankalinsa yana wani wuri. Ya sa ƙafar dama a ramin, ya kawo ta hagu, ya murza dugadugansa, sannan ya tako ciki.

Dakta ce ta fara ganewa, ta dafe baki.

Malamin Daji ya ce, "Ranka ya daɗe, ramin nan tun bara babu magani a cikinsa."

Farfesa ya waiwaya. Sabon sawunsa yana kwance kusa da na jiya, ba abin da ya raba su. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban san ya bushe ba. Ni nake raba kuɗin, amma ban sani ba."

Kwamanda ya fara inda-inda. "Ranka ya daɗe, ai ba a ce kai ne ba, wataƙila..."

"Ni ne." Farfesa ya juya ga Ma'aji. "Abin da muka yanke daidai ne, ko gobe aka sake zama haka zan sa hannu, don in injin ya tsaya mutane da yawa za su rasa aikinsu. Amma na koma gida na kasa zama. An ce min daga ma'aikatar gwamnati wataƙila a saki kuɗin wata mai zuwa. Na ce in Asabar ta wuce ba a same su ba, sai an sake kiran kwamiti, kafin nan ko Allah ya kawo sauƙi."

Ma'aji ya ce a hankali, "Wataƙila. Tun yaushe muke cin wataƙilar nan, Farfesa?"

Dakta tana hawaye. "Malam, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Don in abin ya fashe kada ya shafe ki. Ke kina da sauran tafiya."

A nan ne ran Malamin Daji ya ɓaci, ɓacin da tun safe yake dannewa. Ya nuna ƙaninsa.

"Ita ka tuna da ita. Awaki ka tuna da su, har ruwa ka ɗebo musu, ka raba maza da mata. Shi wannan fa? Tun safe yake zaune a ƙasa ba takalmi. 'Ya'yansa sun ji a makaranta an ce ubansu ɓarawo ne. Ka zo ka gan shi da idonka, ka ce a ɗan jinkirta."

Farfesa bai kare kansa ba. "Na ce a raina kwana kaɗan ne, in kuɗin ya fito zan je in wanke shi da kaina."

"In bai fito ba fa?"

Farfesa ya sunkuyar da kai. Malamin Daji ya gane cewa mutumin nan ba mugu ba ne, kuma hakan ya fi ba shi tsoro. Shekaru ya yi yana zaɓen abin da za a ceta da abin da za a bari, har hannunsa ya saba, da ya zo kan mai gadi bai ma ji nauyinsa ba.

Kwamanda ya aika a kawo wa Auta takalminsa da ɗamararsa, yana ta "ai ka san aiki ne" ba wanda ya kula shi. Ma'aji ya ce shi dai Asabar tana nan yadda aka yanke, sai in kwamiti ya ce wani abu, amma muryarsa ba ƙarfi. Mahauci ya sulale.

Auta ya zauna a bakin ramin yana ɗaura takalmi. Farfesa ya matso ya tsaya a kansa.

"Malam Auta, ban san da wane baki zan..."

Auta ya ɗago. Babu fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai.

"Ranka ya daɗe, kai kaɗai ka yi ta jigila da bokiti a duhu, da shekarunka? Ai ina nan kwance a kan benci, ta gabana ka wuce har sau biyu. Da ka taɓa ni ka ce Auta tashi, wallahi da ni zan riƙe maka bokitin. Kuma da ko yanka ni za a yi ba mai jin sunanka a bakina."

Farfesa ya nemi inda zai dafa, ya dafa bango. Malamin Daji ya kawar da kai, don ba ya son ganin kukan babban mutum.

Ya ce wa Auta, "Tashi mu tafi gida, matarka tana can hankalinta a tashe."

"Yaya, ka yi gaba ka faɗa mata an sake ni." Auta ya miƙe, ya karɓi igiyoyin daga hannun Dakta. "Tun jiya ba su ci komai ba sai dusar nan. Bari in yanko musu ciyawa kafin duhu ya yi."